Ilmin tsirrai a jami'o'in Gana: ina 'ya'yan zango, ina masu maganinmu?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, hirar da ake yi a gidajenmu na zango ba ta wuce kwas huɗu ko biyar: likita, nas, lauya, akanta, sai injiniya ga yaron da lissafi ya karɓe shi. Da wuya ka ji wani uba a Nima ko Aboabo yana cewa burinsa ɗansa ya karanci ilmin tsirrai. Ga shi kuwa kaɗan ne al'ummomin ƙasar nan da suka kai mu dogaro da ganye da saiwa da ɓawo wajen neman na sawa a bakin salati. Mai waakye da karan dafi take rina shinkafarta. Mai koko ba ta rabuwa da citta da kanumfari. Mai sobolo, mai daddawa, mai man kaɗanya, duk tsiro ne jarinsu. Goro ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu ta hanyar Salaga har Kumasi. Sannan ga masu maganin gargajiya, waɗanda ko a Makola ko Kejetia ka ce "maganin Hausa" an san abin da kake nufi.

Dalilin tada maganar shi ne, a shekaru ashirin da wani abu da suka wuce jami'o'in Gana sun riƙa ƙulla ƙawance da cibiyoyin nazarin tsirrai suna tsara kwasa-kwasai tare. Ga mai kallo daga nesa, harkar 'yan boko ce can tsakaninsu. Amma a wajen irin wannan zama ne ake yanke wane tsiro za a koyar, wane ilmi za a kira ilmi, kuma wa za a ba lasisin taɓa marar lafiya da ganye. Idan aka gama wannan rabo ba ma wurin, to, sana'ar da muka gada za ta ci gaba a ƙasar nan, sai dai a hannun wasu.

Me jami'a take nema a lambun tsirrai?

Jami'a tana da aji da ɗakin gwaje-gwaje da ikon ba da digiri. Abin da galibi ba ta da shi isasshe shi ne tsirran kansu. Cibiyar tsirrai kuwa tana da lambu inda itatuwa ke raye da sunayensu a jiki. Tana da rumbun busassun tsirrai, wato ɗakin da ake matse ganye da fure a busar, a liƙa a takarda, a rubuta inda aka tsinko shi da ranar da wanda ya tsinko. Wata tana da ma'ajiyar iri mai sanyi. Uwa uba tana da ma'aikatan da suka shekara talatin suna duban tsiro, waɗanda da ganin ganye za su gaya maka danginsa. Ita kuma cibiyar ba ta da ɗalibai, ba ta ba da digiri, ma'aikatanta suna tsufa ba magada. Ka ga kenan kowa yana da abin da ɗan'uwansa ke nema.

A Birtaniya an daɗe da gane haka. Lambun Sarauta na Edinburgh da Jami'ar Edinburgh suna gudanar da digiri na biyu tare a kan tantance tsirrai tun farkon shekarun 1990. Lambun Kew da ke Landan, wanda rumbunsa ke ɗauke da busassun tsirrai kimanin miliyan 7, ya haɗa kai da Jami'ar Queen Mary suka buɗe irin wannan kwas a 2015. Ba son rai ya kai su ba. Jami'o'in can sun yi ta rufe sassan ilmin tsirrai suna narkar da su cikin kwas ɗin halittu na gaba ɗaya, har aka wayi gari ana yaye ɗaliban da suka san ƙwayar halitta amma ba sa iya bambanta itace biyu a bakin titi. Ƙawance da lambu shi ne maganin da suka samo.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa a sanin sunan tsiro? Bari mu ɗauki misali daga gida. Tafasa da rai-ɗore da filasko duk dangi ɗaya ne, masana suna kiran dangin Senna. Tafasa ana kwaɗonta a ci, filasko yana sa gudawa, ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore kuwa suna iya illata hanta, musamman ga yara. Idan an busar da ganye an daka, ido ba ya raba su. Haka nan itace ɗaya yakan yi suna huɗu: wanda ya ce darbejiya, da mai cewa bedi, da mai cewa maina, da mai cewa dogon yaro, duk itace guda suke nufi. Aikin masanin tsirrai shi ne ya tsayar da suna ɗaya da duk duniya ta yarda da shi, ya ajiye samfur a rumbu, yadda idan an yi musu za a koma a duba. Duk wani gwajin magani da ba a fara da wannan ba, gini ne a kan yashi.

Daga Aburi zuwa Mampong

Gana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An buɗe lambun Aburi a 1890, kuma shugabansa na farko, William Crowther, a Kew ya samu horo. Daga Aburi aka riƙa raba wa manoma dashen koko, bayan Tetteh Quarshie ya shigo da irinsa a 1879. Wato tun ran gini, lambun tsirrai a ƙasar nan harkar tattalin arziki ce. A Legon, Jami'ar Gana tana da nata lambu da kuma rumbun busassun tsirrai mafi muhimmanci a ƙasar. A Bunso akwai cibiyar adana irin tsirrai ta hukumar bincike ta CSIR, a Fumesua kusa da Kumasi akwai cibiyar binciken gandun daji da ta amfanin gona, a Tafo kuma cibiyar binciken koko da aka kafa a 1938.

Amma ƙawancen da ya fi shafarmu kai tsaye shi ne na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, KNUST, da Cibiyar Binciken Magungunan Tsirrai da ke Mampong a tudun Akuapem. Cibiyar ta samo asali ne daga aikin Dakta Oku Ampofo, likitan zamani wanda ya ga ƙarancin magani a asibitinsa, ya je wajen masu maganin gargajiya na yankin yana koyo yana gwadawa. Gwamnati ta mai da wurin cibiyar ƙasa a 1975. A 2000 majalisa ta zartar da Dokar Aikin Maganin Gargajiya mai lamba 575, wadda ta tanadi majalisar da za ta yi rajistar masu sana'ar. A 2001 KNUST ta buɗe digirin maganin tsirrai na shekara huɗu a tsangayar haɗa magunguna.

Yadda aka raba aikin abin koyi ne. A Kumasi ɗalibi yana karanta tsarin jikin ɗan'adam, da yadda ake gane cuta, da sinadaran da ke cikin tsiro, da yadda magani ke aiki a jiki. A Mampong kuma yana yin horon aiki: ya ga gonar da ake noma tsiron, ya ga yadda ake sarrafa shi, ya zauna a asibitin cibiyar tare da masu duba marasa lafiya. Bayan haka ya zana jarrabawar lasisi. Daga farkon shekarun 2010 Ma'aikatar Lafiya ta fara buɗe sashen maganin tsirrai a wasu asibitocin gwamnati, kuma waɗannan ɗalibai ne ake zaunarwa a can. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake yi da saiwar nibima, wadda masana ke kira Cryptolepis sanguinolenta, ya bi ta wannan hanya daga hannun masu gargajiya zuwa kwalba mai awo da lamba.

Gaskiya dai a yaba. Abu ne da ƙasashe da yawa na Afirka ke magana a kai a taro, Gana kuma ta yi shi a aikace. Akwai matsaloli, babbarsu ita ce wadda kowane mai digiri ya sani a ƙasar nan, wato jiran ɗaukar aiki. Duk da haka kwas ɗin ya tsaya da ƙafarsa fiye da shekara ashirin.

Abin da ya canza ga mai magani na zango

Yanzu fa a Gana akwai masu maganin tsirrai iri biyu. Akwai mai farar riga, da digiri, da lasisi, da ofis a asibitin gwamnati. Akwai kuma wanda ya gada daga mahaifinsa, yana da kundi na ajami a cikin gafaka, ya san saiwa ɗari amma ba ya iya cike fom da Turanci. Doka ta ce shi ma ya yi rajista, kuma duk maganin da za a ɗura a kwalba ko a ƙulla a leda a sayar sai ya bi ta Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, wadda ke neman sakamakon gwaji daga wurare irin su Mampong ko KNUST ko cibiyar Noguchi ta Legon. Gwaji kuɗi ne, takardu kuma ilmi ne. Wanda ke da su zai shiga kantin magani da rediyo da talabijin. Wanda ba shi da su zai zauna a tabarma bakin tasha, yana dube-dube kada jami'ai su zo.

Kada a fahimce ni baibai, ba dokar nake zargi ba. Kowa a zango ya san masu lasifika a tashar mota da ke sayar da ƙulli ɗaya wai yana maganin basir da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya. Kowa ya ji labarin wanda ya sha jiƙo ba awo har ƙodarsa ta taɓu. Zaƙami tsiro ne, cini-da-zugu ma tsiro ne, amma 'ya'yansu guba ne. Cewa "ai na gargajiya ne, ba ya illa" magana ce da ta kai mutane kabari. Saboda haka tace sana'ar alheri ne, ga marar lafiya da kuma mai magani na gaskiya da 'yan damfara suka ɓata wa suna.

Inda gizo ke saƙar shi ne rariyar ba ta raba mai gaskiya da maƙaryaci kaɗai, tana kuma raba mai boko da marar boko. Dattijon da ya san aikinsa zai iya faɗuwa tare da ɗan damfara, don kawai babu kowa a gidansa da zai tsaya tsakaninsa da ɗakin gwaji. A ce a kowane babban gidan magani na zango akwai ɗa ko 'ya guda da ta yi wannan digiri, da labarin ya sha bamban. Uba yana da ilmin saiwa, 'ya tana da lasisi da sanin awo, gida ya zama kamfani.

Taswirar ta karkata kudu

Mai karatu ya sake duba sunayen da na lissafa: Aburi, Mampong, Bunso, Tafo, Fumesua, Legon. Huɗun farko duk a Yankin Gabas suke, ɗaya a Asante, ɗaya a Akra. Dukkansu kudu. Ɗalibin da ya yi horo a can zai san itatuwan kurmi sarai. To amma fiye da rabin ƙasar Gana ba kurmi ba ne, dajin sabana ne, irin na Tamale da Wa da Bolgatanga da Bawku. Kuma yawancin tsirran da mai maganin zango ke aiki da su daga irin wannan daji suke fitowa: sabara, marke, maɗaci, bagaruwa, aduwa, tsamiya, ɗorawa, kuka, kaɗanya. Manhajar da aka gina a kan abin da ke cikin lambun kudu dole ta ba waɗannan ƙaramin gurbi, ko da babu wanda ya yi nufin haka. Malami abin da ke gabansa yake koyarwa.

Wannan giɓi yana da tsada, kuma mun riga mun fara biya. Dubi abin da ya sami madobiya, itacen da 'yan katako ke kira rosewood. Cikin 'yan shekaru aka yi ta sare shi a arewacin Gana ana lodawa zuwa Sin. Gwamnatoci sun sha sa takunkumi suna ɗagewa. A 2017 itacen ya shiga jerin yarjejeniyar CITES na nau'o'in da sai da izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe. A 2019 wata ƙungiyar bincike ta ƙasa da ƙasa mai suna EIA ta ƙiyasta cewa an sare kimanin itace miliyan 6 a Gana tun daga 2012, adadin da hukumomi suka musanta. Ko ma wane ne ke da gaskiya a lissafin, musun kansa ya nuna ciwon: ƙasa ce da ke sayar da dukiyar da ba ta ƙidaya ba. Ƙidayar itace a daji, da sanin shekarun da yake ɗauka kafin ya maye gurbinsa, aikin masana tsirrai ne da suka san wannan daji.

Haka batun kaɗanya. Itace ne da kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, dubban mata a arewa da shi suke ciyar da gida, amma ana ƙona shi gawayi a kawo mana nan kudu mu dafa abinci. Dokar 2019 da ta kafa hukumar raya itatuwan kasuwa ta sa kaɗanya cikin itatuwa shida da za a kula da su, tare da kashu da mangwaro da kwakwa da roba da kwakwar manja. Tun 2021 kuma ake ta gangamin dashen miliyoyin itatuwa kowace damina. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wane iri ake dasawa, a wace ƙasa, kuma wa zai koma bayan shekara uku ya ga nawa suka rayu.

Kayan aikin gyara wannan suna nan a ƙasa. Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, da aka kafa a Tamale a 1992 tana da tsangayar aikin gona a Nyankpala, maƙwabtaka da cibiyar binciken noman sabana ta SARI. Cibiyar koko tana da reshe a Bole da ke aiki a kan kaɗanya. UDS kuma tana da wani tsari da ba kowace jami'a ke da shi ba: a zangon karatu na uku ɗalibai suna tarewa a ƙauyuka na makonni suna nazarin rayuwar jama'a. A ce za a ɗaura wa wannan tsari aikin tattara samfurin tsirrai, da sunayensu a Dagbani da Gonja da Hausa da Fulatanci, ƙarƙashin kulawar masanan rumbun Legon, cikin shekara goma arewa za ta mallaki rumbun da za a gina cikakken kwas na tsirran sabana a kansa. Irin ƙawancen da ya kamata wakilanmu a majalisa su riƙa tambaya a kai kenan.

Darasin Dalziel

Akwai wani tarihi da ya kamata duk Bahaushe mai sha'awar wannan fage ya sani. A 1916 wani likita ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa a Landan. Daga baya ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma, sannan a 1937 ya fitar da wani a kan amfanin waɗannan tsirrai. Har gobe ɗaliban Legon da Kumasi da Zariya suna komawa ga waɗannan ayyuka da waɗanda aka sabunta daga gare su.

Aiki ne mai daraja, ba don shi ba da sunaye da yawa sun ɓace. Amma a ina Dalziel ya samo sunayen, da bayanin cewa wannan saiwa ana jiƙa ta, wancan ɓawo ana turara shi? A bakin manoma da mahauta da wanzamai da ungozomomi da masu magani. Littafi ya fito da sunan mutum ɗaya, masu ilmin kuwa suka zama "mutanen ƙasar". Samfurin da aka tara a wancan zamani da yawansu suna Kew, ko da yake yanzu lambun yana ɗaukar hotunansu yana sa wa a intanet don kowa ya gani.

Shi ya sa idan dattijo ya ƙi buɗe kundinsa ga ɗan bincike, bai kamata a yi saurin ce masa jahili ko marowaci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ɓoyon ma yana da nasa hasarar, don kullum muna binne tsofaffi tare da abin da suka sani, kundin kuma gara ta cinye ko magada su jefar don ba mai iya karanta ajamin. Tsakanin a kwashe a banza da a binne a banza akwai hanya ta uku, kuma duniya ta riga ta share ta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta kafa ƙa'idar cewa sai an nemi yardar masu ilmin gargajiya kafin a yi amfani da shi, kuma a raba amfanin da su. A Afirka ta Kudu, a 2019, masu masana'antar shayin rooibos sun amince su riƙa biyan al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da ake sayen ganyen daga manoma, saboda kakanninsu ne suka fara sanin amfaninsa. A 2024 kuma ƙasashe sun amince da wata yarjejeniya a hukumar WIPO da ke wajabta wa mai neman haƙƙin mallakar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo tsiron da ilmin da ya dogara a kai.

Waɗannan takardu ba sa aiki da kansu. Suna amfanar wanda ke da ƙungiya, da rubutaccen abin da ya sani mai kwanan wata, da ɗan gida da ya fahimci harshen masana. Masu maganinmu su shiga ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin tarayyar GHAFTRAM su yi magana da murya ɗaya. Duk ɗan binciken da ya zo, a karɓe shi hannu biyu, amma a rubuta: sunan wa zai fito, me za a buga, me za a bari a rufe, kuma in abu ya kai kasuwa mene ne rabon gidan. Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960, saboda haka ɗaukar hoton kundi a adana da sunan mai shi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan.

Ƙofar tana sakandare

Duk wannan magana za ta tsaya a baki idan yaranmu ba su cancanci shiga kwas ɗin ba. Digirin KNUST da na ilmin tsirrai a Legon ko Cape Coast duk suna neman wanda ya yi ɓangaren kimiyya a babbar sakandare, da sakamako mai kyau a ilmin halittu da kimistiri da fizik ko lissafi. Wannan zaɓi kuwa ana yinsa ne tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare, yana ɗan shekara 14 ko 15, lokacin cike fom ɗin BECE. Mu malaman makaranta mun san yadda abin ke gudana. Iyaye da yawa ba sa zuwa ranar zaɓin, yaro ya bi abokansa, ko a ce masa kimiyya ta 'ya'yan masu kuɗi ce. Tun Satumbar 2017 babbar sakandare kyauta ce, don haka uzurin kuɗin makaranta ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage shi ne shiri da ƙarfafa gwiwa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana. Kowa ya leƙa ajin kimiyya na makarantar da ke kusa da shi ya gani ko mun kai wannan kaso.

Akwai kuma wata dama da ba a cika lura da ita ba. Tun 2018 kwalejojin horar da malamai suka koma ba da digiri na shekara huɗu, kowacce a ƙarƙashin wata jami'ar gwamnati. Ma'ana, abin da jami'a ta sa a manhaja yana gangarowa kwaleji, daga kwaleji ya shiga ajin firamare. Idan kwalejoji irin su Al-Faruq a Wenchi, da Nusrat Jahan a Wa, da Bagabaga a Tamale suka samu rabo a ƙawancen jami'o'i da cibiyoyin tsirrai, ko da mako biyu ne na horo a Bunso ko Nyankpala, za a yaye malamin da zai iya fita da yara bayan aji ya nuna musu tsiro da sunansa. A halin yanzu yaro yakan haddace sassan fure daga zanen allo, alhali ga zogale da lalle a tsakar gidansu bai taɓa tsinka ya duba ba.

Wannan ba ya buƙatar jiran gwamnati. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilmin Musulunci, ko filinsu bai fi tabarma goma ba, za su iya jera tsofaffin bokitai a dasa zogale da soɓorodo da ɗoɗɗoya da lalle, a rubuta wa kowanne suna da Hausa da Twi da na masana. Tsohon kwali da jarida sun isa a koya wa yara matse ganye. A gayyato mai magani na unguwa ya yi musu awa guda, ya ga an girmama shi, su ma su ga cewa abin da kakansu ya sani yana da gurbi a makaranta. Motar haya ɗaya ta isa ta kai aji guda daga Madina zuwa Aburi su dawo kafin la'asar. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, da asusun ilmi na Babban Limamin Ƙasa Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da attajiranmu masu fitar da zakka, za su iya ware gurbi ko da biyar a shekara musamman don masu karatun tsirrai da maganin tsirrai, a fara da 'ya'yan gidajen da suka gaji sana'ar, mata da maza.

Wani uban zai tambaya, kuma yana da gaskiya: in ya gama, ina aikin? Amsar ita ce wannan na cikin kwasa-kwasan da ba dole sai gwamnati ta ɗauke ka ba. Mai lasisi zai iya buɗe wurin duba marasa lafiya, ko ya tsaya wa masu haɗa magani wajen inganci da rajista, ko ya shiga cinikin man kaɗanya da garin kuka da zogale da ake fitarwa waje, inda mai saye ke neman takardar shaidar abin da ke cikin buhu. Ɗan zango ma yana da fifiko a nan, don kasuwar tana gidansu, masu kawo saiwa daga arewa 'yan'uwansa ne, harshen cinikin kuma nasa ne.

Jami'o'i da cibiyoyin tsirrai za su ci gaba da zama suna tsara manhaja, da mu ko ba mu. Shekara ɗari da suka wuce an zo an tambayi kakanninmu sunayen itatuwa, suka faɗa, aka rubuta, aka tafi. A wannan karon ya kamata a ce cikin masu riƙe da alƙalamin akwai jikokinsu. Fom ɗin zaɓin makaranta na yaran aji uku yana nan tafe kamar kowace shekara. Iyaye, don Allah a je a zauna da malamai kafin a cike shi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu ilmi mai amfani.